Monika Uwar Agustin, Matar Da Aka Bari A Bakin Teku

Wannan lacca ce da wata mama, tsohuwar malamar makaranta, ta gabatar a taron zumuntar mata na cocinmu ranar tunawa da Monika mai tsarki. A waya aka ɗauka, na zauna na rubuta yadda ta faɗa, inda hayaniya ta yi yawa ne kawai na tsallake.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da mu duka. Fada ina gaisuwa, katikis barka da zuwa, shugabar zumunta da mataimakanta, iyayena mata da na tarar a cocin nan tun ina amarya, ƙannena da 'ya'yana, sannunku da zama. Na baya kuna jina ko? Toh madalla.

Yau 27 ga Agusta ranar Monika ce, gobe 28 kuma ranar ɗanta Agustin, uwa a gaba ɗa a baya, haka ikilisiya ta jera su. Shekara da shekaru muna ɗaura zanin zumunta a wannan rana muna waƙa, amma in na tsayar da mace ɗaya a bakin ƙofa nace mata wacece Monika, amsar bata wuce matar da ta yi haƙuri da miji ta yi kuka saboda ɗanta. Gaskiya ne, amma bai kai rabin labarin ba. Ni abinda ya kama zuciyata a rayuwar matar nan shine mace ce mai riƙo, in ta damƙe abu bata saki, kuma Ubangiji ya yi ta ɓamɓare mata yatsu ɗaya bayan ɗaya har ranar da ta mutu hannunta a buɗe. Shi nake so mu bi yau, da inda ta yi kyau da inda ta yi kuskure.

Da farko dai 'yar Afirka ce, ba Baturiya ba ce kamar yadda ake zana ta a hoton kalanda. An haife ta wajen shekara ta 331 a wani gari mai suna Tagaste, yau sunansa Suk Aharas a gabashin Aljeriya kusa da iyakar Tunisiya, kuma masana da yawa suna ganin 'yar ƙabilar Berber ce, dangin Buzaye kenan ta wajen harshe. Fadan farko da suka kafa mishan a Shendam a 1907 suka iso, kunga sama da shekara dubu ɗaya da ɗari biyar kafin su matar nan tana zuwa coci safe da yamma a wannan nahiya tamu. Ita bata rubuta ko layi ɗaya da ya iso mana ba, duk abinda muka sani daga bakin ɗanta ne, yawanci a littafinsa da ake kira Confessions, wato ikirari, inda yake faɗa wa Allah zunubansa yana yabonsa, ya rubuta shi wajen shekara goma bayan rasuwarta.

Gidan Kiristoci ta tashi, amma da ta girma ba mahaifiyarta tafi yabawa wajen tarbiyya ba, wata tsohuwar baiwa ce a gidan wadda ta goyi baban Monika yana ƙarami. Tsohuwar nan ko ruwa bata bari 'yan matan su sha in ba lokacin cin abinci ba, tace musu yanzu ruwa kuke sha don giya bata hannunku, ranar da kuka yi aure makullin sito ya dawo hannunku ruwan zaku raina amma halin shan yana nan. Kuma duk da wannan tsaro sai da abin ya faru. A ƙasarsu ruwan inabi ake sha da abinci, iyayenta suna aikenta ta ɗebo daga ganga don sun yarda da ita, sai ta fara ɗan taɓa bakin kofin da leɓe kafin ta juye, ba don tana jin daɗinsa ba ma, ƙuruciya ce kawai, yau kaɗan gobe a ƙara har ta kai tana shanye kusan kofi cike. Waye ya tsayar da ita? Wata 'yar aiki ce da suke zuwa ɗibar tare, faɗa ya haɗa su ta dube ta tace mata ke 'yar mashaya. Maganar ta soke ta har zuciya, daga ranar ta bari. Ita da kanta ta ba ɗanta wannan labari, kuma wannan ya burge ni ƙwarai, don mu iyaye mata nawa ne a cikinmu zamu zaunar da ɗa muce masa ga abin kunyar da na yi ina yarinya?

Aka aurar da ita ga Patrishiyus, ɗan majalisar garin, yana da 'yar gona amma ba mai kuɗi ba ne, kuma ba Kirista ba ne. Ɗansa ya faɗi halinsa ba ɓoye-ɓoye, mutum ne mai kirki da sakin hannu amma in ransa ya ɓaci kamar wuta, ga neman mata a waje. Ga kuma uwar miji a gidan, 'yan aiki suna kai mata gulmar amarya har ta tsane ta. Monika bata rama ba, ta yi ta mata biyayya har tsohuwar da kanta ta gane ƙarya ake kawo mata, ta je ta faɗa wa ɗanta sunayen masu gulmar aka hukunta su, daga nan suka zauna lafiya da surukarta. Haka kuma a unguwa in mata biyu sun yi faɗa kowacce ta zo ta amayar mata da abinda ke cikinta, bata ɗaukar na wannan ta kai wa waccan sai abinda zai shirya su. Zumunta, wannan kaɗai in muka ɗauka muka tafi da shi gida yau, rabin ƙarar da ake kawo wa shugaba ta ƙare.

Yanzu ga wurin da nake so ku buɗe kunne. Dabarar ta da mijin ita ce in yana cikin fushi bata tanka masa, ko da baki ko da aiki, sai ya huce ta same shi ta bayyana masa abinda ta yi da dalilinta. Ku lura, tana komawa ta yi maganar, ba haɗiyewa take yi ta mutu da ita a ciki ba. Matan garin kuma da mazansu basu kai nata zafi ba suna zuwa da tabon duka a fuska suna mamakin yadda ba a taɓa jin Patrishiyus ya ɗaga mata hannu ba, ita kuma sai tace musu laifin harshensu ne, wai tun ranar da aka karanta musu takardar aure ya kamata su ɗauka sun zama bayi. Iyayena, ni wannan maganar ban yarda a ɗauko ta a ɗora wa mace yau ba, maganar zamaninta ce lokacin da mace bata da inda zata kai kuka. Na taɓa raka wata ƙanwata a cikin Ubangiji wajen sulhu, idonta ɗaya a rufe don kumburi tana riƙe da bakin gyale tana tare shi, wani dattijo ya dube ta yace ki koma ki zama kamar Monika. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Monika ba a taɓa dukanta ba, ɗanta ya shaida. Wanda ake duka a fitar da ita tukuna, a kira mijin a tsawata masa, sai a yi maganar haƙuri daga baya. Fada kana jina, na gode da ka gyaɗa kai.

Patrishiyus dai a ƙarshen ransa ya karɓi baftisma, ya rasu wajen 371, Monika tana da shekara kamar arba'in, da 'ya'ya uku da muka sani, Agustin da aka haifa ranar 13 ga Nuwamba 354, da ɗan'uwansa Nabijiyus, da 'ya mace guda. Bata sake aure ba. Ta tanadi wurin kabarinta a gefen na mijin, tana so mutane su riƙa cewa ga waɗanda suka zauna tare ƙasa ɗaya ta rufe su. Ku riƙe wannan kabarin a ranku zamu dawo kansa.

Agustin yaro ne mai kai sosai, uwa da uba duka suka ɗora buri a kansa, aka kai shi makaranta a Madaura, kuɗi ya yanke ya dawo gida ya yi shekara guda yana ɗan sha shida ba aiki ba karatu sai abokai, kun san abinda zaman banza yake wa saurayi. Uwar ta ja shi gefe ta gargaɗe shi kan fasikanci, musamman matar wani, shi kuma yace a lokacin ji ya yi maganar mata ce kawai. Amma ya faɗi wani abu game da ita da ba a cika karanta mana ba. Yace ta ga inda ya dosa amma bata nemi yi masa aure ba, don tana tsoron mata zata tare masa hanyar karatu da ɗaukaka. Kunga burin duniya yana nan a zuciyarta gefe da gefe da addu'ar, irin namu sak, muna so ɗa ya san Allah amma fa ya fara zama babban mutum tukuna.

Wani mai arzikin garin, Romaniyanus, ya taimaka aka tura shi Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, yana ɗan sha bakwai. Can ya ɗauki wata yarinya suka fara zaman dadiro, a 372 ta haifa masa ɗa aka sa masa Adeyodatus, ma'anarsa Allah ne ya bayar, da a nan ne da Kyauta zamu kira shi. Yana ɗan sha tara kuma ya shiga addinin Mani, wani addini da ya fito daga wajen Farisa masu cewa iko biyu ne suke kokawa tun asali, haske da duhu, suna yi wa Tsohon Alkawari ba'a. Ya yi kusan shekara tara a ciki yana jan abokansa. Da ya dawo gida da wannan, Monika ta hana shi zama gidanta da cin abinci tare da ita. Mace mai zafi ce fa in aka taɓa bangaskiyarta.

Mafarki ne ya sa ta buɗe masa ƙofa. Ta ga kanta a tsaye kan wani miƙaƙƙen katako irin wanda ake awo da shi tana kuka, wani saurayi mai haske ya tambaye ta me ya faru, tace ɗana ne ya ɓace, yace duba da kyau, inda kike nan shima yake, ta waiga sai ga shi a gefenta kan katakon. Da ta ba shi labari, shi da yake malamin iya magana ne sai ya juya abin yace ai ma'anarsa ke zaki dawo inda nake. Ko numfashi bata ja ba tace a'a, ba a ce min inda yake nan kike ba, cewa aka yi inda kike nan yake. Ya rubuta cewa wannan amsar ta fi mafarkin kansa girgiza shi. Sai kuma ta addabi wani bishop wanda shi kansa ya tashi a cikin addinin Manin ya fito, tace ya zo ya yi gardama da yaron, yace mata a'a yanzu kansa a kumbure yake ba zai ji ba, ki bar shi ki yi ta addu'a zai gane da karatunsa. Ta ƙi tafiya, tana kuka tana naci har ya gaji yace mata tafi abinki, ɗan da aka zubar wa hawaye irin wannan ba zai hallaka ba. Ta ɗauki maganar kamar daga sama ta sauko.

Sai shekara ta 383. Agustin ya gaji da rashin kunyar ɗaliban Kartaj ya ƙudura zai tafi Roma. Uwar ta biyo shi har bakin teku ta riƙe shi, ko dai ya koma gida ko su tafi tare. Sai ya yi mata ƙarya, yace ba tafiya zai yi ba, abokinsa yake rakawa suna jiran iska ta taso, da ƙyar ya lallashe ta ta kwana a wani ɗan ɗakin addu'a na tunawa da Sifiriyan mai shahada da ke kusa da jirgin. Tana ciki a durƙushe tana roƙon Allah abu guda, kada ka bar shi ya tafi. Cikin daren iska ta taso, jirgi ya tashi. Gari ya waye ta fito bakin ruwa ba jirgi ba ɗa.

Ku bani minti ɗaya a nan.

Wannan tekun fa shine wanda yaranmu suke bi yau, daga gaɓar Tunisiya da Libiya zuwa Italiya, kuma har yau ƙaryar iri ɗaya ce. Ɗan ƙanwata cewa ya yi zai je bikin aboki a Kano, ita da hannunta ta soya masa gyaɗa ta ƙulla a leda, bayan kwana tara ya kira daga Agadas. Na ga yadda ta zauna a ƙasa da wayar a cinya bata ce komai ba har magariba. Don haka in na karanta safiyar Monika a bakin ruwa ba labarin da ba ne a wurina. Bance duk wanda ya tsallaka alheri zai tarar ba, da yawa ruwa ya ci, kuma muna roƙon yaranmu su zauna. Abinda nake nunawa shine abinda ɗan ya gane daga baya, yace Ubangiji ya ƙi ba ta abinda ta roƙa a wannan daren don ya ba ta abinda take roƙo kullum. Da jirgin bai tashi ba da bai haɗu da mutumin da zai buɗe masa Littafi Mai Tsarki ba. Ya kuma ce son da take masa na ya zauna kusa da ita, irin na kowace uwa amma nata ya fi na yawancinsu, shi ma sai da aka hore shi da baƙin ciki. Ta zarge shi da yaudara da rashin tausayi, sannan ta juya ta ci gaba da yi masa addu'a ta koma gida.

A Roma ya kwanta ciwo kamar zai mutu ba baftisma, ita bata ma sani ba. Ya tashi, a 384 aka ba shi babban aikin koyar da iya magana a Milan inda fadar sarki take, can ya fara zuwa jin wa'azin Bishop Ambros, da farko salon maganar kawai yake saurare. Monika kuma, gwauruwa mai shekara hamsin da 'yan kai, ta shiga jirgi ta biyo shi, hadari ya taso a teku ita ce take kwantar wa matuƙan jirgin hankali tana ce musu zamu isa lafiya. Da ta iso yace mata ya bar addinin Mani amma bai zama Kirista ba tukuna, bata yi tsalle ba, tace masa a natse ta gaskata cikin Almasihu kafin ta bar duniya zata gan shi mai bi.

A Milan ma sai da aka karɓe wani abu daga hannunta. Al'adarsu a Afirka ita ce a kai kwando da fate da burodi da ruwan inabi kaburburan shahidai, a ɗan taɓa a raba wa mutane. Ta ɗauko kwandonta kamar yadda ta saba tun tana yarinya, mai gadin ƙofa ya tare ta yace bishop ya hana, don wasu suna fakewa da shi suna buguwa kuma ya yi kama da na matsafa. Ɗanta ya yi mamakin yadda ta bari nan take ba gardama. Ta damu kuma kan azumin Asabar, a gida ana yi a Milan ba a yi, Agustin ya tambayar mata Ambros yace shi in yana Roma yana azumin Asabar in yana Milan baya yi, a bi al'adar ikilisiyar da aka tarar. A 386 da uwar sarki Yustina ta so ƙwace wani coci ta ba 'yan Ariyus masu musun cewa Ɗa daidai yake da Uba, jama'a suka kwana a ciki tare da bishop ɗinsu suna waƙoƙi sojoji na kewaye da su, Monika tana sahun gaba.

Amma a wannan Milan ɗin ne aka yi abinda ni yafi yi min ciwo a duk labarin. Matar nan da Agustin ya zauna da ita wajen shekara sha biyar, uwar Adeyodatus, wadda shi da bakinsa yace bai haɗa ta da kowa ba duk tsawon zaman, ba 'yar gidan manya ba ce, aurenta ba zai kai shi kujerar gwamna ba. Monika ce kan gaba wajen nema masa auren 'yar babban gida, tana fatan in ya yi aure sai baftisma, aka samu yarinya saura mata shekara biyu ta isa aure. Aka sallami uwar ɗan ta koma Afirka ita kaɗai, ta bar ɗanta, ta yi wa Allah alkawari ba zata ƙara sanin wani namiji ba. Agustin yace zuciyarsa kamar an yage ta tana jini, kuma bai iya jiran shekara biyun ba ya ɗauko wata. Ko sunan matar bai rubuta ba. Ku duba fa, wadda aka bari tana kuka a bakin teku don an raba ta da ɗanta, ita ce da hannunta a cikin saka wata uwa a jirgi ba ɗanta. Ni uwar miji ce, da yawanku haka, kuma na san yadda son ɗa yake rufe ido har ka kasa ganin 'yar wani mutum ce. Auren da aka yi duk wannan dominsa kuma ba a taɓa ɗaura shi ba.

Don a wajen watan Agusta na 386, a wani lambu, yana kuka ƙarƙashin itacen ɓaure ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana waƙa, ɗauka ka karanta, ɗauka ka karanta. Ya buɗe wasiƙun Manzo Bulus idonsa ya faɗa kan Romawa 13, aya 13 da 14, inda aka ce a bar shashanci da buguwa da fasikanci a yafa Ubangiji Yesu Almasihu. Shi da abokinsa Alifiyus suka shiga cikin gida, wa suka fara faɗa wa? Mama. Ta yi ta murna tana yabon Allah. Amma ya ce mata ya bar maganar aure ya bar neman muƙami, kenan surukar babban gida da jikokin da ta ƙirga da kujerar gwamna duk sun tafi, kuma ta fi murna da haka.

Suka koma wani gidan gona a Kasisiyakum, ita ke kula da gidan, kuma in sun zauna muhawara irin ta masana tana ciki. Wata rana ana tambaya ko wanda ya samu abinda yake so ya zama mai albarka, tace in abu mai kyau yake so ya samu toh mai albarka ne, in mugun abu yake so ko ya samu abin tausayi ne. Ɗan yace mata mama ai kin kama ƙololuwar ilimin. A daren Ista, 24 ga Afrilu 387, Ambros ya yi wa Agustin baftisma tare da Adeyodatus da Alifiyus. Daga shigarsa addinin Mani zuwa wannan dare shekara sha huɗu kenan tana jira.

Suka kama hanyar gida Afirka, suka sauka a Ostiya, tashar jirgin ruwan Roma, suna hutawa kafin su shiga teku. Wata rana su biyu suka jingina a taga mai kallon lambun gidan suna hira kan yadda rai madawwami zai kasance, hirar ta yi ta hawa har yace na ɗan ƙiftawar ido kamar sun taɓa shi. Sai tace masa ɗana, ni kam ba abinda ya rage yake min daɗi a duniyar nan, abu ɗaya ne ya sa nake so in daɗe, in gan ka Kirista kafin in mutu, Allah ya bani har da ƙari, me kuma nake yi a nan? Bayan kamar kwana biyar zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta suma, ta farfaɗo ta ga 'ya'yanta maza biyu a kanta tace ina nake, sannan tace a nan zaku binne uwarku.

Nabijiyus ya fara cewa shi dai da a gida ta cika da hankalinsa ya fi kwanciya. Mun san wannan maganar, mu da muke cin bashi mu ɗauki hayar mota mu kai gawa ƙauye ko da kwana zamu yi a hanya, kuma ban raina shi ba, nima ina da inda nake so a kwantar da ni. Ta harare shi ta dubi Agustin tace ji abinda yake faɗa. Tace musu ku sa jikin nan ko'ina, kada ya dame ku, abu ɗaya nake roƙonku, ku tuna da ni a gaban bagaden Ubangiji duk inda kuke. Kun tuna kabarin da ta tanada gefen mijinta a Tagaste? Agustin yace bai ma san yaushe wannan burin ya fita daga ranta ba, daga baya ya ji abokansa sun tambaye ta ko bata tsoron barin gawarta nesa da gida, tace ba abinda yake nesa da Allah, kuma ba zai rasa inda zai tashe ni a ranar ƙarshe ba.

Rana ta tara da kwanciyarta ta cika, tana cikin shekara ta 56, shi yana cikin ta 33. Shi ya rufe mata ido. Jikanta Adeyodatus, yaron da aka raba da uwarsa yanzu kuma kakar ta tafi, ya fashe da kuka aka yi ta ba shi baki, abokinsu Ebodiyus ya ɗauko Zabura ya fara rera ta 101, ta ƙauna da shari'a, duk gidan suna amsawa. Agustin bai zubar da hawaye ba har aka binne ta, ya je ya yi wanka ko zai ji sauƙi bai ji ba, ya kwanta ya farka shi kaɗai a kan gado sannan ya saki kukan, yace bai cika awa ɗaya ba yana yi wa wadda ta yi shekaru tana yi masa. Yaron ma bai daɗe ba, bayan 'yan shekaru kaɗan ya bi ta. Agustin ya koma Afirka ya zama bishop na Hippo, Annaba ta yau, har ya rasu a 430.

Kabarin Tagaste bata shige shi ba. Ta kwanta a Ostiya sama da shekara dubu, a 1430 zamanin Paparoma Martin na biyar aka kwashe ƙasusuwanta zuwa Roma, suna cocin da ke ɗauke da sunan ɗanta. A 1945 kuma wasu yara suna haƙa rami a harabar wani coci a Ostiya don wasan ƙwallo suka tono ɓarin dutsen da aka rubuta a kan kabarinta.

Inda ɗan ya rufe labarinta ya roƙi duk wanda zai karanta ya tuna da Monika a gaban bagade, amma bai ce ita kaɗai ba, yace tare da Patrishiyus mijinta. Fada, in ka yarda, a Misar yau a ambaci su biyun, ni kuma ina roƙo a ƙara da uwar Adeyodatus ko da bamu san sunanta ba, da duk yaranmu da ke hanya ko bayan ruwa. Kowace mace ta kira sunan nata a zuciya. Mu tashi tsaye.